Ƙwaƙwalwar Gida Ta Zauna a Gida

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu in suka ji ana zancen gida mai sarrafa kansa, wato wanda kwamfuta ke kunna masa fitila da fanka ta kuma kashe, sai su ce wannan ai ƙawa ce ta masu kuɗi. A ganina, mu mutanen Yola da Jimeta mun fi Turawa buƙatarsa.

Dalili kuwa shi ne wuta. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40. A Afrilun 2024 kuma, da aka lalata turakun wutar da ke tsakanin Jos da Gombe, Adamawa ta yi makonni cikin duhu. Shi ya sa masu hali suka koma ga sola. To amma batir kamar randa yake, in an yi almubazzaranci da rana, da dare a kwana da ƙishi. A nan kwamfuta ke da rana: ta kunna injin jawo ruwa da tsakar rana, ta kashe shi in tanki ya cika, ta kuma hana firji ƙarar da batir kafin asuba.

Sai dai a ina wannan ƙwaƙwalwa za ta zauna? Yawancin na'urorin da ake sayarwa sai sun nemi izini ta intanet daga kwamfutar kamfani a wata ƙasa. In data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, an tsaya ke nan. A 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mafita ita ce mutum ya ajiye tasa sabar a ɗaka. Manhajar Home Assistant, wadda aka fara a 2013, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa, ga ta da batirinta, ko kuma 'yar ƙaramar Raspberry Pi wadda cin wutarta bai kai na kwan fitila irin na da ba. A dai nema mata wuri mai iska, a kare ta daga ƙurar hunturu.

Gaskiya ne sai an kashe kuɗi, an kuma zauna an koya. Don haka ina kira ga 'yan'uwanmu masu karatun injiniya a Jami'ar Modibbo Adama da su fara gwadawa da famfo ɗaya da fitila ɗaya, su koya wa masu haɗa sola na Jimeta. Allah Ya sa mu dace, amin.