Ranar da muka je cin abincin 'yan China

Da fatan jarrabawar zangon nan ba ta ba ku wuya ba. Mu ma a jami'a mun kammala tamu, kuma abin da muka yi bayan kammalawar shi ne labarinmu na wannan mako.

Mu huɗu ne muka yi karo-karo, kowa naira 6,000, muka ce sai mun ga ƙwal uwar daka a wani gidan abincin 'yan China da ke nan arewacin Kaduna, ba nisa da Unguwar Rimi. Shirinmu shi ne mu ci na naira 20,000, mu bar 4,000 na keken komawa gida. Abin da ya kai mu shi ne dim sum, wanda muka sha gani a bidiyo. Gani ya kori ji.

Dim sum abincin mutanen kudancin China ne, musamman birnin Guangzhou da Hong Kong. Ƙananan loma ne kala-kala da ake ci da shayi, yawanci daga safiya zuwa azahar, shi ya sa su can idan za su je ci sai su ce "yum cha", wato shan shayi. Akwai wanda ake naɗe jatan lande a cikin siririn ƙulli, akwai mai kama da burodi da nama a ciki, har ƙafar kaza suna ci. Yawancinsu turarawa ake yi a cikin ƙananan kwanduna na gora. Da na ga kwandon sai na tuna madambacin gidanmu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake turara dambu ko alala ya riga ya san rabin sirrin.

Kada ku ɗauka mutanen nan baƙi ne a garinmu. Tun 1964 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kakuri, can tsallaken kogi. Kakana ya yi aiki a masaƙa a zamanin nan, kuma har yau yana ba da labarin yadda yake mamakin ganin shugabanninsu suna ɗaukar shinkafa da tsinke biyu. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma kamfanin China ne, CCECC, ya shimfiɗa layinsa.

Da muka zauna aka kawo takardar jerin abinci, sai muka yi tsit. Babu wanda ya san abin da zai zaɓa, kuma kowa yana jin kunyar a gane ɗan ƙauye ne. Ni dai na tuna abu ɗaya: a asalinsa, dim sum da yawa da naman alade ake yi, wasu ma da kitsensa, kuma masu girkin China kan zuba wata giyar shinkafa a miya don ƙamshi. Sai na kira mai kawo abincin na ce, "Malam, don Allah wannan da naman me ake yi?" Ya ce kaza ne. Na ce, "Man fa? Kuma ana zuba giya a ciki?" Ya ɗan yi jim, ya ce bari ya tambayo. Wannan ya burge ni ƙwarai. Da wani ne sai ya ce "babu komai" don kawai mu saya. Ya dawo ya ce man gyaɗa ne, amma akwai wata miya ɗaya da ake sa wa giyar girki, za a iya yi mana ba tare da ita ba. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayar nan ta yi mana rana ta wani ɓangaren kuma, domin ɗaya daga cikinmu jatan lande yana sa masa ƙaiƙayi da kumburin leɓe. Da mun yi shiru, wataƙila da a asibiti za mu ƙare. Ku kuma sani cewa a China ma akwai miliyoyin Musulmi, irin su al'ummar Hui, kuma suna da tasu kalmar ta halal, "qingzhen", da suke rubutawa a ƙofar gidajen abincinsu. A Hong Kong, a masallacin Ammar da ke unguwar Wan Chai, akwai wurin cin abinci da ake sayar da dim sum na halal. Don haka wanda ya yi irin tambayata bai zo da baƙon abu ba.

Sai jira. Minti arba'in muna kallon juna kafin kwandunan su iso. Na farko ya yi daɗi: fatar mai laushi, naman da ɗanɗanon citta. Na biyu kuwa da na gutsura sai na ji tsakiyarsa da sanyi, naman kazar da sauran ja. Alamu sun nuna daga firiza aka ɗauko, ba a bari ya turaru ba. Wannan ba wasa ba ne, domin kazar da ba ta nuna ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke jawo gudawa da zazzaɓi.

Nan muka rabu biyu. Wani abokina ya ce mu cinye kawai, kada mu ja wa kanmu abin kunya a wurin manya. Ɗayan kuma har ya fara ɗaga murya yana cewa ai da kuɗinmu muka zo. Na ce duk su dakata. Na yafito mai kawo abincin, na nuna masa tsakiyar, na ce a hankali, "Malam, duba wannan, bai nuna ba." Bai yi musu ba. Ya ba da haƙuri, ya ɗauke, bayan minti goma ya kawo wani yana tururi. Ai ba shi ya dafa ba, kuma wataƙila tun safe yake tsaye. Da mun yi masa tsawa, da mun zalunci wanda ba shi da laifi. Da kuma mun yi shiru, da mun biya kuɗi mun sayi ciwon ciki.

Akwai wata al'ada tasu da ta ba ni sha'awa. Idan wani ya zuba maka shayi, sai ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, alamar godiya. Kuma ba ka fara cika naka kofi sai ka zuba wa na kusa da kai. Wannan ai tarbiyyar da iyayenmu ke koya mana ce a bakin kwano. Tsinken dai ya gagare mu, daga ƙarshe cokali muka roƙa, kuma babu wanda ya yi mana dariya.

Ƙarshen tika-tika sai lissafi. Abinci naira 20,000 kamar yadda muka tsara. Amma a ƙasa an ƙara harajin VAT, wanda tun 2020 yake kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 1,500, sannan kuɗin hidima kashi 10, naira 2,000. Jimilla 23,500. Da muka koma kan takardar jerin abincin, ashe an rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa, mu ne ba mu karanta ba. Naira 500 ta rage mana mu huɗu. A ƙafa muka tako har gida, muna tafe muna yi wa juna tsiya.

To, ƙannena, ko gidan abincin 'yan China ne, ko shagon makaranta, ko teburin mai shayi, hanya ɗaya ce. Ku tambayi abin da ke cikin abinci kafin ku ci. Ku tambayi farashi duka, har da abin da za a ƙara, kafin a kawo. Idan abu bai yi ba, ku faɗa da ladabi ga wanda zai iya gyarawa. Idan kuma an kyautata muku, ku yi godiya da baki, domin mai hidimar nan yayan wani ne.

Ko zan koma? Zan koma, saboda mutumin da ya ce "bari in tambayo". Amma wannan karon kuɗin keke a aljihu daban zan ajiye.

Ku fa? Kun taɓa sayen abin da bai yi ba kuka yi shiru saboda kunya? Ku rubuto mana, za mu buga wasu daga cikin wasiƙunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.