Me manomin fadamar Argungu zai samu daga sararin samaniya?

Tun shekarar 2000 ake da mutane a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ta laƙume sama da dala biliyan 100. Masu kare ta kan kafa hujja da na'urar ECOSTRESS da aka ɗora mata a 2018, mai gano ƙishirwar shuka daga sama. Sai dai tauraron ɗan'adam da ba kowa a ciki na iya irin wannan aiki da arha.

Nan maganar ta shafi Kebbi. A 2024 hukumar NASRDA ta ƙulla yarjejeniyar tura ɗan Najeriya sararin samaniya, alhali tauraron NigeriaSat-2, da aka harba a 2011, ya zarce wa'adinsa na shekara bakwai. Manoman da ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi sun fi buƙatar tauraron da zai gargaɗe su kafin gulbin Rima ya tumbatsa.