Yaushe Jirgin Nesa Zai Komo Kano?

Masu aiko mana da takardu suna yawan tambaya, wai yaushe za a sami jirgin sama da zai tashi daga Kano ya dire Turai ko ƙasar Sin ba tare da ya ya da zango ba?

To, ku saurara. Tun cikin 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, cikin 1936 kuwa aka buɗe hanyar Kartum. A wancan zamani jirgin da ya ƙetare Hamada tilas ya sauka ya sha mai, Kano kuwa ita ce zango. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wuce mu ta bisa. Kamfanin KLM ya daure har 2012, sa'an nan ya naɗe tabarmarsa.

Yau kamfani ba ya duban tarihin gari, lissafin kujeru yake yi, tafiya da komowa. Cikin 2022 Qatar Airways ta buɗe hanyar Doha, watau masu lissafin ba su manta da mu ba. Amma duk fatken Kantin Kwari da ya tafi Abuja ko Ikko ya hau jirgi, can za a ƙidaya shi, a ce Kano ba matafiya.

Saboda haka, ya ku attajirai, in da hali ku tashi daga gida, ku sauka gida. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya sa mu gane, amin.