FILIN SANIN DOKA: Tsohon sojan da shekara ɗaya ta hana wa fansho

A garuruwa da yawa na ƙasar Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai gidan da ake kira gidan tsohon soja. Mai gidan ya yi wa Faransa aikin soja a zamanin mulkin mallaka. Mafi yawan waɗannan dattawa sun riga mu gidan gaskiya. Amma matansu da ƴaƴansu suna nan, karnensu na soja yana nan cikin adaka, tambayar da suka bari ita ma tana nan. Tambayar ita ce: mutum ya shiga soja, ya fito, ya sake komawa, ya yi yaƙi biyu, me ya sa bai samu fansho ba, alhali maƙwabcinsa ya samu?

Amsar tana cikin lissafi. Filin wannan wata zai bi lissafin sannu sannu.

SHEKARA 15

A dokar sojan Faransa ta wancan lokaci, ƙaramin soja ba ya samun fanshon aiki sai ya cika shekara 15 yana sanye da kaki. Wanda ya cika 15 yana samun fansho daidai da shekarunsa. Wanda ya kai 25 yana samun cikakke. Wanda ya tsaya ƙasa da 15, ko da wata biyu ne ya rage, ba shi da wannan fansho. Wasu an ba su kuɗin sallama sau ɗaya, suka sayi sa ko suka yi aure da shi, magana ta ƙare.

Tun daga 1919 ake ɗaukar samari soja dole a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, na tsawon shekara 3. Idan shekara 3 ta cika, mutum yana iya komawa gida. Yana kuma iya dangwala hannu ya ƙara wasu shekaru. Wasu sun koma gida, suka tarar damina ba ta yi kyau ba ga haraji yana jira, sai suka sake komawa bariki. A kan waɗannan ne lissafi yake rikicewa.

Ga misali. A ce an ɗauki wani saurayi a 1942, aka sallame shi a 1945. Ya zauna gida shekara 2 yana noma. A 1947 ya sake shiga, ya yi shekara 4. Ya ƙara 4, aka kai shi yaƙin Andoshin. Ya ƙara 3, aka kai shi yaƙin Aljeriya. A 1958 ya dawo gida, bai sake komawa ba.

A lissafin mutanen gari, daga 1942 zuwa 1958 shekara 16 ke nan, har ya wuce 15. A lissafin ofishin soja kuwa: 3 da 4 da 4 da 3, shekara 14. Shekarun farko ba su ɓace ba, ana haɗa su da na baya. Amma shekara 2 da ya yi yana riƙe da hauya ba a ƙirga ta. Buhu yana cin tiya 40. Idan an zuba 39, mai awo ba zai ce ya cika ba.

SHEKARUN YAƘI

Nan ne aka fi gardama. A takardar soja akwai wurin da ake rubuta shekarun yaƙi. Doka ta ce lokacin da soja ya yi a fagen fama ana ƙara masa wani a kai, wani lokaci har ninki biyu. Saboda haka ɗan tsohon soja yana iya kai takarda wurin malamin makaranta, a karanta masa, ya ji shekaru sun wuce 20. Sai ya ce an cuci mahaifinsa.

Ga yadda abin yake. Wannan ƙari kamar gyara ne a kasuwa. Mai hatsi yana ba da gyara ga wanda ya saya. Ba ya ba wanda kuɗinsa bai kai ba. Idan soja ya cika shekara 15 ta gaske, rana bayan rana, to shekarun yaƙi suna ƙara masa yawan kuɗin da zai karɓa. Idan bai cika ba, ba sa cike masa giɓin. Mai shekara 14 da ya yi yaƙi biyu ba shi da fanshon aiki. Mai shekara 15 da ya zauna gadin ƙofar bariki yana da shi.

Wannan abu yana da ɗaci, kuma ba wanda zai ce adalci ne. Da yawa cikin waɗannan sojoji ba su iya karatu ba. Akawu ne yake riƙe da littafi. Da mutum ya san shekara ɗaya tak ta rage masa, da wuya ya ɗauki akwatinsa ya tafi.

Akwai wani rukuni da ya kamata a ware. Nijar ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, aka kafa rundunar sojan ƙasa a 1961. An maido ƴan ƙasa da yawa daga sojan Faransa zuwa sojan Nijar. Cikinsu har da Seyni Kunce, wanda ya shiga sojan Faransa a 1949. Faransa ta yi wa waɗanda aka maido haka doka ta dabam, wadda ta rage musu yawan shekarun da ake nema. Don haka iyalin wanda ya bar sojan Faransa ta wannan hanya kada su tsaya ga lissafin 15. Su duba dalilin sallama da aka rubuta a takarda.

LABARIN ƘARIN KUƊI

Shekarun baya labari ya bazu a rediyo cewa Faransa ta ƙara wa tsofaffin sojan Afirka kuɗi. Gaskiya ne, amma an fahimce shi a karkace.

A watan Disamba 1959 Faransa ta yi doka ta tsayar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na baƙin soja yana nan inda aka bar shi. Wani saje ɗan Senegal, Amadu Diyop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya rasu. A 2007 aka daidaita kuɗin katin yaƙi da kuɗin rauni. A watan Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta sake yanke hukunci, daga 1 ga Janairu 2011 aka daidaita fanshon aiki shi ma, ga wanda ya rubuta ya nema.

Duk wannan gyara ne ga masu fansho. Amadu Diyop shekara 22 ya yi, fanshonsa ne aka tauye. Ba a taɓa ƙa'idar shekara 15 ba. Ana duba haƙƙin soja ne da dokar da ke aiki ranar da aka sallame shi. Mai shekara 14 a 1958 har yanzu mai shekara 14 ne.

ABIN DA BA YA NEMAN SHEKARA 15

Akwai kuɗi iri biyu da ba ruwansu da tsawon aiki.

Na farko shi ne kuɗin katin yaƙi. Ana ba da katin ga wanda ya yi kwana 90 cikin rundunar da ta yi faɗa, ko wanda aka ji wa rauni a yaƙi. Ga yaƙin Aljeriya, zaman wata 4 a can ya isa. Mai kati yana karɓar kuɗi daga shekara 65 da haihuwa, sau biyu a shekara. Kuɗin ba shi da yawa. Kuma ranar da mai shi ya rasu, ya tsaya. Ba a gadonsa, ko matarsa ba ta karɓa.

Na biyu shi ne kuɗin rauni, na wanda ya naƙasa ko ya kamu da cuta a bakin aiki, likitan soja ya shaida.

Fanshon aiki kuwa yana wucewa ga mace: tana karɓar rabi, idan an shaida auren da takarda. Marayu suna da rabo har su kai shekara 21. Ɗan da ya yi furfura ba shi da komai a ciki, ko da mahaifinsa ya yi shekara 25.

TAKARDAR DA KE RABA GARDAMA

Karnen da ke cikin adaka sau da yawa gara ta ci shi, ko ruwa ya wanke tawada. Amma kowane soja yana da takardar tarihin aikinsa, mai ranar shiga da ranar fita ta kowane zango. Na tsofaffin sojan Afirka suna ajiye a ofishin takardun soja da ke garin Po, a kudancin Faransa. Wani lokaci wannan takarda tana fito da watannin da karne bai nuna ba, kamar lokacin jinya a asibitin soja ko lokacin da aka tsare mutum fursunan yaƙi. Ga wanda kaɗan ya rage masa, wannan yana iya sauya lissafi.

Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai an rufe shi a watan Janairu 2024, amma ana iya aika wasiƙa ta gidan waya. A rubuta ta da Faransanci. A sa sunan sojan yadda Nasara suka rubuta shi a karne, ko da sun rubuta shi ba daidai ba. A sa lambarsa ta soja, shekarar da aka ɗauke shi da garin da aka ɗauke shi. Idan ya rasu, a haɗa da takardar mutuwa da takardar da ke nuna dangantakar mai nema da shi. A aika kwafi, karne na asali ya zauna gida.

Akwai masu yawo ƙauyuka da jaka, suna cewa sun san wani babba da zai cike shekarar da ta rage idan an sayar da akuya an ba su. Ba wanda yake iya ƙara rana ɗaya a littafin da ke Po. Kafin a ba kowa ko dala, a kai karnen wurin ƙungiyar tsofaffin soja ta yankin, ko wurin malamin yaƙi da jahilci, a zauna a haɗa shekarun zango zango, a fitar da na zaman gida.