Takardar inshorar direba ba ta biyan kayanka

Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda ke tare motocin da ba su da inshora, a Agusta kuma Tinubu ya sa wa sabuwar dokar inshora hannu. To amma 'yan'uwa na Agege da Sabon Ibadan, mu gane: takardar nan da direba ke miƙawa a shinge, wanda ya buge take biya. Kayanka da ke cikin motar babu ruwanta da su.

Ni ɗan Mutum Biyu ne, na ga yadda manyan motoci suka yi cirko-cirko da ambaliya ta karya gadar Namnai a 2024. Don haka kafin ka loda doya ko shanu zuwa Kudu, nemi inshorar kaya a hanya. In riba kake gudu, akwai takaful.