Kwanson Iskar Keke Cikin Jirgin Sama: Matambayi Ba Ya Ɓata

Tun zamanin En'e keke shi ne dokin akawu da malamin makaranta, kuma duk wanda ya taɓa hawansa ya san ba a rabuwa da famfo da kayan faci. To, yanzu zamani ya zo da wani abu wanda ya ke neman ture famfo. Wani ɗan kwanson ƙarfe ne, bai fi yatsa tsawo da yawa ba, an ɗura masa iska an matse ta ƙwarai. In taya ta sace sai a ɗaura shi a bakin bawul, kafin ƙiftawar ido ta cika tam. Masu tseren keke da masu yawon ƙasashe bisa keke sun rungume shi, har ba su son tafiya ba tare da shi ba. Daga nan magana ta taso, shin an yarda mutum ya shiga jirgin sama da shi ko kuwa?

Bari mu fara da abin da ke cikinsa. Iskar nan ita ce kabon dayoksaid, watau irin wadda ke sa lemon kwalba ya yi kumfa. Ba ta kama wuta, hasali ma da ita a ke kashe gobara. Yawanci kwanso ɗaya ya kan ɗauki giram 16 ko 25. Amma fa ƙarfin matsin da ke cikinsa ya ninka na tayar mota fiye da sau 20, shi ya sa aka lissafta shi cikin kaya masu hatsari.

Ƙungiyar ƙasashe mai tsara sha'anin jiragen sama, watau ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma Nijeriya na cikinta, ba ta haramta shi ɗungum ba. Ƙa'idarta ita ce fasinja ya iya ɗaukar har guda 4, muddin cikin kowane ɗaya bai wuce mililita 50 ba, watau giram 28 na wannan iska. Amma akwai sharaɗi babba, sai kamfanin jirgin ya yarda. Ke nan kamfani na da ikon ya ce a'a. Haka kuma kowace ƙasa na da ikon ta tsananta. A Amurka, alal misali, hukumar binciken fasinja ta TSA ba ta barin cikakken kwanso irin na keke ya wuce, ko a jakar hannu ko a akwatin da aka auna. Ta dai ɗaga ƙafa ga irin wanda ke hura rigar ceto ta masu shiga ruwa. Saboda haka abin da ya wuce lami lafiya a wannan fili, ba mamaki a ƙwace shi a wancan.

Waɗansu mahaya keke su kan yi gunaguni, su ce ai ko jirgi ya yi sama ƙwarai kwanson ba zai fashe ba. Gaskiyarsu. Ƙarfen da ya riƙe matsi mai yawa haka a ƙasa, ɗan raguwar iska ta sararin sama ba za ta dame shi ba, balle ma manyan jiragen fasinja ana daidaita musu iska har cikin rumbun kaya. Amma daga nan sai su zarce su ce tun da haka ne doka shirme ce, a cusa abin cikin takalmi ko safa a yi shiru. Nan ne mu ka rabu da su.

Abin tsoro zafi ne. In wuta ta tashi a rumbun kaya, matsin da ke cikin kwanso sai ya yi ta hauhawa har ya tsage, ƙarfensa ya yi tsalle kamar harsashi. Guda 4 a akwatin mutum ɗaya abu ne da masana su ka auna su ka ga ana iya jurewa. To, in fasinja ɗari kowa ya ɓoye goma fa? Wa ya auna wannan? Direban jirgi bai san da su ba, ma'aikatansa ba su san da su ba, ga rayukan jama'a a hannunsu.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ran 11 ga watan Mayu 1996 wani jirgin kamfanin ValuJet ya tashi daga Miami a Amurka, ba da jimawa ba wuta ta kama a rumbun kayansa, ya faɗa cikin fadamar Everglades. Mutum 110 da ke ciki ba wanda ya tsira. Da aka bincika aka tarar waɗansu tukwane ne masu samar da iskar shaƙa aka loda ba bisa ƙa'ida ba, an rubuta wai fanko ne, alhali kuwa ba fanko ba ne. Lalle waɗannan tukwane sun fi kwanson keke hatsari nesa ba kusa ba. Amma tushen masifar ɗaya ne, watau kaya ya shiga jirgi da sunan da ba nasa ba, don wani ya yanke wa kansa hukunci cewa ba kome.

Shawararmu ga mai niyyar tafiya da kekensa ita ce, tun kafin ranar tashi ya rubuta wa kamfanin jirgi ya faɗi guda nawa ne da nauyinsu, in an amince ya riƙe takardar amsa a aljihu. In zai sauya jirgi a wata ƙasa ya bincika dokar can ita ma. In an hana, ya haƙura, ya saya a inda ya sauka, abin bai taka kara ya karya ba wajen tsada. Mafi sauƙi duka ya riƙe ɗan famfonsa na hannu, wanda ba mai tsare shi a ƙofa. Ko ba don jirgi ba ma famfo bai mutu ba, gama wannan iska ta fi iskar famfo saurin zurarewa ta jikin roba, tayar da aka cika yau sai a tarar ta yi laushi gobe.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Kamfanonin jirage da hukumomin filaye su ma da nasu laifin in su ka bar fasinja cikin duhu, wannan ma'aikaci ya ce e, na gaba ya ce a'a. Irin wannan ruɗani shi ke koya wa mutumin kirki ɓoye-ɓoye. Ya kamata a rubuta ƙa'idar ɓaro-ɓaro inda a ke sayen tikiti, da harshen da jama'a ke ji, a kuma horar da masu bincike su zama bakinsu ɗaya.

Mu dai namu faɗakarwa ne. Wanda ya tambaya aka hana shi, asararsa 'yan kuɗi kaɗan ce. Wanda ya ɓoye kuwa ya yi caca da rayukan da ba nasa ba. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.