A Bar Yaro Ya Zana Teku

Ya ku iyayen yara, makon jiya wani ɗalibina ya shigo aji ido jajur. Ya kwaikwayi hoton teku daga kalandar shagon tela, mahaifinsa ya yaga takardar, wai zane haramun ne. To, a yi hattara da fatawa. Wani mai zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya hana shi surar mai rai, amma ya ba shi damar zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Teku kuwa ba ta numfashi.

Yaranmu na Gaya da Ajingi, babban ruwan da suka sani kogin Wudil ne. Muna karanta masu ayar igiyar ruwa kamar duwatsu, su yi tsuru. Ni kaina a hoto na fara ganinta.

Kuma kada a ce wasa ne. A 1840 wani Baturen Ingila, Turner, ya zana teku da fentin mai: sama jawur, hadari ya taso, jirgin bayi na tafiya, hannuwa da sarƙoƙi na nutsewa a baya. Yana tuna mana jirgin Zong, wanda a 1781 aka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin ruwa daga cikinsa don neman kuɗin inshora.

Ban ce yaro ya zana hannuwan ba. Ruwan dai da hadarin, ku saya masa takarda da fensir.